Yagar da Ba a Ɗinkewa

Wincenty Borowik maci amana ne, kuma ba a kan rashin sani ya ci ta ba. Ya taso ba uba a garin Dubrin, uwarsa mai wankau ce, gidajen Yahudawa ne suka rene shi. Shi ke zagayawa ranar Asabar yana kunna mana murhu da fitila, tunda mu ba ma taɓa wuta a wannan rana, a sallame shi da farin burodi da romon kaza. A haka ya iya harshenmu, ya san abin da muke yi idan an haihu da abin da muke yi idan an mutu. Da yaƙi ya zo, wannan sanin ya ɗauka ya kai kasuwa.

Kafin yaƙin ya daɗe da barin Dubrin. Ya auri 'yar wani manomi mai suna Leokadia a ƙauyen da ke bakin daji, ya gaji gona da shanu, ya ajiye tumbi. Bayan Jamusawa sun tattara Yahudawan Dubrin sun zagaye su da waya mai ƙaya, wata yarinya ta tsaya a ƙofar gidansa tana neman aikatau. Ta ce sunanta Stasia, marainiya ce, an ƙone ƙauyensu can gabas. Leokadia ta duba hannuwanta, ta ga za su iya aiki, ta ɗauke ta a kan ci da wurin kwana.

Sunanta na gaskiya Tsirel, 'yar Kalman mai ɗinkin takalma, shekarunta goma sha shida. Yayanta Fayvel, wanda ya girme ta da shekara guda, ya rarrafa ta ƙarƙashin waya da wasu abokansa suka shige daji. Bindiga ɗaya gare su, tsohuwa, wadda suka sa wa suna Goggo saboda sai ta yi tari kafin ta yi magana. Abinci kuwa ba su da shi sai abin da Tsirel ta kai musu. Ita aka zaɓa don gashinta ruwan zinariya ne kamar na 'yan matan Kiristocin ƙauye, aka zaɓi gidan Borowik don babu wanda ya kai shi kusa da daji. Ta san mutumin a gidajenmu ya girma, amma bai taɓa ganinta ba. Idan asirinta ya tonu, ita ta mutu, su ma yunwa ta gama da su.

Ta koyi duk abin da ake bukata. Ta iya zana gicciye a ƙirji kafin cin abinci, ta iya durƙusawa gaban hoton waliyyin da ke kusurwar ɗaki, ta iya haɗiye kitsen alade ba tare da ta yamutsa fuska ba. Duk bayan 'yan kwanaki takan ɗauki kwando ta tafi daji tsintar naman kaza, tsiron nan mai kama da lema, da dankali da gutsattsarin burodi a ƙarƙashin ƙyalle.

Wata ranar kasuwa cikin kaka Borowik ya dawo daga Dubrin da buhu a bayan amalanke, yana warin barasa. Suna zaune ana cin miyar kabeji ya jawo buhun.

“Leokadia, yau dai an share Dubrin. Tun safe motoci ke jigilar Yahudawa zuwa ramin yashi, ana harbe su. Kayan da aka bari, wallahi sai wanda ya gani.”

“Rufa mana asiri, mutum yana cin abinci.”

“Ke dai saurara. Kin tuna Kalman gurgu, mai takalma? Wanda na ce miki muna yara yana ba ni aron wandonsa? Aka ce kowa ya fito, shi ko gezau. Yana zaune a bencinsa yana buga ƙusa. Wai bai gama takalmin wani ba, kuma ya yi wa mai shi alkawari. Sojan ya tsaya yana kallonsa kamar ya ga mahaukaci, sannan ya ɗirka masa a nan.” Ya ɗora yatsa a bayan kunnensa, ya yi dariya. “Taurin kai dai har kabari.”

Ya zazzage buhun a kan tebur. Fatu ne, da basilla, da zare, da wata 'yar guduma da aka naɗe wa ƙota da jar fata. Tsirel ce ta naɗe ta da hannunta, lokacin da ƙotar ta fara yi wa Baba kanta.

“Stasia, ƙaro miya.”

Ta tashi ta ƙara masa. Ko ɗigo bai zuba ba. Ta kwashe kwanuka, ta wanke, ta ɗauki bokitin tatsa ta nufi garke.

A wurinmu idan uba ko uwa suka mutu, ɗa yakan miƙe tsaye ya yaga rigarsa da hannu, daga wuya, ɓangaren hagu, daidai kan zuciya. Na sauran dangi a dama ake yi, kuma in kwana ya ja a ɗinke. Na iyaye ba a mayar da shi yadda yake har abada. Tsirel ta tsaya tsakanin shanu biyu. Ta san ba za ta iya taɓa rigar sama ba. Ta ɓalle maɓallai, ta kama wuyan shiminta, ta ciza bakin ɗinkin da haƙori har ya saki, ta ja. Ƙarar yagar ta cika mata kunne. Ta ce a hankali, cikin harshen da ta yi watanni ba ta furta ba, “Albarka ta tabbata ga Mai hukunci da gaskiya.” Sannan ta maida maɓallai, ta zauna ta tatsi nono, goshinta a jikin saniya.

Washegari ta ɗauki kwando. A gindin wata bishiya da tsawa ta tsaga suke haɗuwa. Zelig ne ya fara fitowa daga cikin ciyayi, ɗan mahaucin unguwarsu, sa'anta, siriri kamar sanda, bakinsa ba ya hutawa.

“Ga baiwar Allah Stasia, Kiristar kirki! Yau me waliyyai suka aiko mana?”

“Dankali. Kuma ba don halinka ba.”

“Kin yi kumatu fa. Ina aladen gidanku?”

“Yana gaishe ka. Ya ce kun yi kama.”

Bakinta ne kawai ya ba da amsar, don ya saba. Fayvel, da ya fito bayansa rataye da Goggo, kallo ɗaya ya yi mata ya tsaya.

“Me ya faru?”

Ta gaya musu, yadda ta ji, ba ta rage komai ba. Zelig ya tambayi labarin uwarsa da ƙannensa. Ta ce an ce ba a bar kowa ba. Ya zauna a ƙasa, ya buɗe kwandon ya fara jera dankalin a kan ganye, ya kwashe, ya sake jerawa.

Fayvel ya juyo gare ta. “Ko addu'ar mamaci ba za mu iya yi masa ba,” ya ce. “Sai da maza goma. Mu ko rabi ba mu kai ba, ɗaya ma yana kwance da zazzaɓi.” Sai ya lura hannunta na dafe da ƙirjinta ta hagu. Fuskarsa ta canza. “Tsirel. Kada ki ce mini kin yaga.”

Ta ɗan janye wuyan rigarta ya gani.

“Kin haukace ne? A gidan Borowik? Mutumin da ya halarci jana'izarmu fiye da ni da ke?”

“A ciki yake, Yaya. Wa zai gani?”

“Ki ɗinke shi yau ɗin nan.”

“Ka fi ni sani. Yagar uba ba a ɗinke ta.”

“To ki ƙone shimin.”

“Shi kaɗai gare ni, kuma matar gidan ce ta ba ni. Ta san yawan tsummokaran gidanta kamar yadda ta san kajinta.”

“Ni ma ubana ne, kin ga na yaga?”

“Shi ya sa ni na yi.” Ta gyara wuyan rigarta. “Ba wanda ya yi masa wanka. Ba wanda ya sa masa likkafani. Ba wanda zai zauna masa makoki. Na ci alade, na durƙusa wa hoto, na zuba wa wanda ya yi masa dariya miya. Wannan kaɗai Baba ya samu a duniya, tsawon tafin hannu na tsumma, shi ma in ɗauke masa?”

Fayvel ya kama kafaɗunta. Hannuwansa duk ƙashi ne. “Baba ya tafi, ƙanwata. Mu muna nan, kuma a bakin kwandon nan muke rataye. Ki rantse za ki ɗinke.”

“To.”

“To ba rantsuwa ba ce.”

“Na ce to, Yaya. Rana na yi, za a neme ni.”

Ba ta ɗinke ba. Duk lokacin da ta ɗauki allura sai ta ajiye.

Ranar wanki Leokadia ta ɗora babbar tukunya a tsakar gida ta ce a fito da komai a dafa, ta ga kwarkwata a bargo. Tsirel ta ce shiminta bai yi datti ba.

“Ban tambaye ki ba. Tuɓe ki miƙo.” Da ta karɓa ta ɗaga shi sama. “Ikon Allah! Ke da kike ɗinke buhu har a rasa inda ya ɓarke, naki kin bar shi haka kamar bakin kare?”

“Ƙusa ce ta kama ni a garke, Uwargida.”

“In ya bushe ki ɗinke. Ba ni da wani da zan ba ki.”

Leokadia ba ta ga komai ba sai tsumma. Tsirel ta shanya shimin a tsakanin zannuwan gado biyu don su rufe shi. Amma iska ta taso da hantsi ta ɗaga zanen gaba, daidai lokacin da Borowik ya fito daga rumbu da bokiti a hannu. Tana durƙushe tana matse wando ta ga ƙafafunsa sun tsaya. Ƙusa tana yin yaga a karkace. Wannan kuwa daga wuya ta sauko, miƙe, ta hagu. Ya tsaya har zanen ya koma ya rufe. Ya juyo ya dube ta, ya dubi gashinta, ya dubi hancinta da haɓarta a nitse, kamar mai neman wata fuskar a cikin tata. Sai ya ɗaga kai sama.

“Hadari na haɗuwa,” ya ce. “Ku kwashe kayan da wuri.”

Da yammar nan ta ɗinke shimin. Ta yi masa ɗinki mai kyau, irin wanda Baba ya koya mata, wanda ba a ganin sawun allura. Tana yi hawaye na ɗiga a kan zaren. Ta karya wa uba alkawari ta cika wa wa nasa, kuma duka biyun a banza, domin wanda zai gani ya riga ya gani.

Ta yi kwanaki ba ta je daji ba, tana jiran a zo a kama ta. Ba wanda ya zo. Borowik yana nan yadda yake, yana zagin shanu, yana yi wa matarsa tsawa. Ta fara gaya wa kanta cewa watakila hadarin kawai ya gani. Kuma kullum in ta sa loma a baki sai ta tuna ƙasusuwan hannun Fayvel da mai zazzaɓin nan da ke kwance a ramin da suke ɓuya.

Wata safiya shi da kansa ya ce, “Stasia, kin daina kawo mana naman kaza. Sanyi ya kusa kashe su. Je ki yau.” Ya ɗauko burodi guda cur ya sa mata a kwando. “Riƙe wannan, 'yata. Kin rame.”

Mutumin da ke auna wa matarsa gishiri da yatsa ya ba 'yar aiki burodi guda. Ta ji tsoron hakan, amma burodi ne, kuma nauyinsa a hannunta ya fi nauyin tsoron. Ta bi doguwar hanya, ta ratsa rafi, ta yi ta waiwaye. Ba ta ga kowa ba. Ba ta san masu bin sawunta ba sa bukatar su gan ta ba, tunda sun zo da kare kuma Borowik ya ba shi ɗankwalinta ya shinshina.

Fayvel da Zelig suna jiranta a gindin bishiyar. Zelig ya ga burodin ya dafe ƙirji.

“Guda ɗungurungum? Stasia, auren mutumin nan kika yi ba mu sani ba?”

Fayvel bai yi dariya ba. “Wa ya ba ki?”

Kafin ta amsa suka ji haushi. 'Yan sanda suka ɓullo ta cikin itatuwa, 'yan ƙasa ne masu baƙaƙen kaya, da Bajamushe ɗaya a bayansu. Harbin farko ya ɓantare ɓawon bishiyar a saman kanta. Fayvel ya ture ta ƙasa, ya kwanta bayan saiwa, ya gyara Goggo.

“Zelig, ja ta ku bi ta fadama. Kada ku nufi rami, za ku kai musu sauran.”

“Yaya, taso mu tafi tare!”

“Wa zai tsayar da karen? Tafi, don girman Allah!”

Sai ta ji muryar Borowik daga can baya, inda harsashi ba ya kaiwa. Da harshenmu yake magana, da lafazin Dubrin tsantsa, yana rera gaisuwar da muke yi wa masu makoki. “'Yar Kalman! Allah ya ba ki haƙuri tare da sauran masu kuka!” 'Yan sandan ba su ji abin da ya ce ba, amma sun yi dariya don shi yana yi.

Zelig ya finciko ta. Suka faɗa fadama, ruwa har ƙugu, sanyinsa kamar wuƙa. A bayansu Goggo ta yi tari ta yi magana, karen ya yi kuka ya yi shiru. Ta sake magana. Daga nan sai bindigogin wasu kaɗai aka yi ta ji, har su ma suka gaji.

Da suka fita ɗaya gefen fadamar, Tsirel ta miƙe tsaye, ruwa na zuba daga jikinta. Ta kama wuyan rigarta ta sama, ta dama, ta ja. Yanzu babu wanda za ta ɓoye wa.

Sauran yaran sun watse da jin harbi, mai zazzaɓin kuma ya mutu a raminsa. Su biyu suka yi ta tafiya gabas suna cin ɗanyen dankalin gonakin mutane, har dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, har suka yi karo da masu gadin wata babbar rundunar mayaƙan daji. Aka kai su gaban shugaban, wani tsohon soja mai tabo a leɓe. Ya dube su sama da ƙasa.

“Ina makaminku?”

“Mun yi da ɗaya,” in ji Zelig. “Ta mutu da mai ita.”

“Nan ba gidan marayu ba ne. Wanda ya zo da bindiga ya ci abinci. Wanda ya zo da baki kawai ya koma inda ya fito.”

“Inda muka fito ramin yashi ne, ranka ya daɗe.”

“Ba ni na haƙa shi ba.”

Wani mai kai musu labarin ƙauyuka yana zaune a gefe yana shan taba. Da ya ji daga inda suke ya ce ai ya san zancen. Borowik ya samu ladan buhun gishiri, kuma da ya ce yana tsoron 'yan daji, 'yan sanda sun bar masa bindiga sabuwa ya tsare gidansa.

Tsirel ta ɗago kai. “A ina yake ajiye ta?”

“Wa ya sani?”

“Ni na sani. Bayan ƙofar rumbu, inda yake ɓoye kwalbarsa.” Ta juya ga shugaban. “In na kawo ta, za ka karɓe mu mu biyu?”

“Bindiga ɗaya, mutum ɗaya.”

“Yana da gatari mai kyau da doki,” in ji ta.

Shugaban ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. “Da doki, biyu.”

Ta san gidan kamar tafin hannunta. Ranar Lahadi Leokadia takan tafi coci da maƙwabta, shi kuwa yakan ce kansa na ciwo ya zauna da barasar jiya. Suka kwanta a bayan tarin ciyawa har ƙararrawar coci ta yi shiru. Tsirel ta zagaya ta shiga rumbu. Bindigar tana nan inda ta ce, da mai a jikinta, kusa da buhun gishirin da aka ɗan taɓa bakinsa. Fayvel ya taɓa nuna mata yadda ake ɗana Goggo. Wannan ba ta yi gardama ba.

Zelig ya kwanto dokin. Jin motsi ya fito da Borowik, ba takalmi, wandonsa a hannu. Ya ga yaron, ya buɗe baki zai yi ihu, sai ya ga bakin bindiga da wadda ke riƙe da ita. Ya saki wandon.

“Stasia. 'Yata.”

“Ba sunana ke nan ba. Ka san sunan ubana, ka kira shi a daji.”

Nan take ya koma harshenmu, yana zuba shi kamar ruwa. “'Yar Kalman, ki ji tsoron Allah. Ni naku ne. Kakarki ta sha ba ni romo da hannunta. Tilasta ni aka yi. Da an same ki a gidana, da ni da matata za a rataye.”

“Da ka kore ni. Da ka ce, yarinya, na gane ki, kama hanya. Ƙofa a buɗe take.”

“Ban yi tunani ba.”

“Ka yi. Kwanaki ka yi kana yi. Har burodi ka ba ni.”

“Na ciyar da ke! Wata nawa kina cin abincina?”

“Kai shekara nawa ka ci namu?” in ji Zelig.

Borowik ya zube a gwiwa cikin taɓo. Ya ce su ɗauki dokin, su ɗauki shanun, su ɗauki gishirin. Ya ce addininku ya hana kisa, ni na sani, a gabana ake karantawa. Ya san wannan ma, kamar yadda ya san sauran, kuma ya ɗauka zai sake yi masa amfani.

Zelig ya dubi Tsirel, ya miƙa hannu. “Kawo in yi,” ya ce a hankali.

“Riƙe dokinka.”

Ba ta ji daɗi ba, ba ta ji sauƙi ba, kuma ba ta ji tausayi ba. Shekarunta goma sha shida, kuma abin da aka mayar da ita ke nan. Ta sa shi ya tashi ya taka zuwa bayan rumbu. A can Tsirel 'yar Kalman ta harbe Wincenty Borowik da bindigar da aka biya shi da ita, ya mutu nan take.